Ikon tashin Almasihu: wane aiki yake yi a rayuwar mai bi?

Da zarar Ista ta gabato, sai ka ga takardun sanarwa sun cika bangaye a Jos da Kaduna da Yola, kowace tana kiran jama'a zuwa taron da za a saki “ikon tashin matattu”. Alkawuran kusan iri ɗaya ne: kasuwar da ta mutu za ta tashi, mahaifar da ta rufe za ta buɗe, bashi zai ɓace, magabta za su faɗi. A watan Fabrairun 2019 abin ya kai maƙura, sa'ad da wani bidiyo daga Johannesburg ta Afirka ta Kudu ya karaɗe Facebook da WhatsApp. Fasto ya tsaya a kan akwatin gawa ya yi kira, mutumin da ke ciki sanye da fararen kaya ya tashi zaune, baki buɗe. Kamfanonin jana'izar da aka yi amfani da kayansu suka fito suka ce yaudararsu aka yi, ita ma majami'ar daga baya ta ce ai da ransa aka kawo mutumin. Duniya ta yi ta dariya, masu bi da yawa kuwa suka ji kunya.

Amma maganar ikon ba fastocin zamani suka ƙirƙiro ta ba. Manzo Bulus ya rubuta wa Afisawa cewa ikon da Allah ya ta da Almasihu da shi daga matattu, shi ne yake aiki domin masu ba da gaskiya (1:19-20). To, in haka ne, aikin me yake yi? Me ya sa za ka ga mutum bai taɓa fashin addu'ar dare ba, muryarsa ta fi ta kowa wajen tsawata wa Shaiɗan, amma har gobe yana dukan matarsa, yana tauye mudu, ya yi shekaru ba ya ga maciji da ƙaninsa a kan gona? Ikon ne bai iso gare shi ba, ko kuwa tun farko an karkatar da shi game da abin da ikon yake yi?

Wane tashi ake nufi?

Akwai abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Linjila ta ba da labarin mutum uku da Yesu ya dawo da su daga mutuwa: 'yar Yayirus, da ɗan gwauruwar nan ta Nayin, da Li'azaru na Betanya wanda ya kwana huɗu a kabari. Dukansu rayuwar da suka bari suka koma wa, da yunwarta da zazzaɓinta, kuma ranar kowannensu ta sake zuwa aka binne shi. Tashin Yesu daban yake. Bangaskiyar Kirista ita ce an gicciye shi a zamanin gwamna Bilatus, aka sa shi a kabari, a rana ta uku ya tashi da jiki. Jiki ne na gaske, wanda aka nuna wa Toma gurbin ƙusoshi a kansa, wanda ya ci gasasshen kifi a gaban almajirai, sai dai mutuwa ba ta da sauran iko a kansa. Shi ya sa Bulus ya kira shi nunan fari na waɗanda suka yi barci.

Wasiƙar farko zuwa ga Korantiyawa, wadda aka rubuta wajen shekara ta 55, kimanin shekara 25 bayan gicciyewar, ta jero shaidu: Bitrus, da sha biyun, da 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci guda waɗanda yawancinsu suna da rai sa'ad da ake rubutun, da Yakubu, daga ƙarshe Bulus kansa. Bai kuwa yi wata rufa-rufa ba. Ya ce in ba a ta da Almasihu ba, wa'azinsu banza ne, bangaskiyar masu bi banza ce, har yanzu suna cikin zunubansu (15:14-17). A lura da inda ya dire maganar. Babbar asarar da ya hango, in babu tashin, ita ce mutum ya ci gaba da zama a hannun zunubinsa.

Maƙwabtanmu Musulmi sun yi imani da tashin ƙiyama da hisabi, amma Alƙur'ani (4:157) ya ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba. A nan hanyoyin biyu suka rabu, kuma mutunta juna bai buƙaci a yi kamar ba su rabu ba. Abin da nake bi a nan shi ne ma'anar lamarin ga wanda ya amsa sunan Kirista.

Ita kuwa rayuwar tsoron Allah, wasiƙar Titus (2:11-12) ta fayyace ta a taƙaice: barin rashin bin Allah da mugayen sha'awace-sha'awacen duniya, a yi zaman kamunkai da adalci da ibada a wannan zamani. Wato yadda mutum yake da kansa, yadda yake da jama'a, da yadda yake da Mahaliccinsa. Ɗaurin ɗankwali da tsawon siket da yawan zuwa sujada suna da wurinsu, amma ba su ne ma'aunin ba.

Me ya haɗa kabarin Yesu da halin mutum?

Bahaushe ya ce hali zanen dutse, kuma kowa ya san abin da ya sa aka faɗi haka. Mun ga mashayin da ya rantse ya daina, ya yi kuka a gaban 'ya'yansa, ranar kasuwa kuma aka kwaso shi daga gidan burkutu. Bulus bai musa wannan ba. A Romawa 7 ya bayyana mutumin da ya san daidai, yana son daidai, amma nagartar da yake so ba ita yake yi ba, muguntar da ba ya so ita yake aikatawa. Doka tana nuna wa mutum laifinsa ƙarara, sai dai ba ta ba shi ƙarfin bari. Duk wanda ya taɓa fama da wata ɗabi'a a ɓoye ya san wannan babi tun kafin a karanta masa.

Amsar da Sabon Alkawari ya bayar ita ce mai bi haɗe yake da Almasihu, har abin da ya faru da Almasihu ya zama nasa. Wanda ya taɓa halartar baftisma a ƙauye ya ga wannan da idonsa. Fasto yana tsaye cikin rafi, ruwa har ƙugu. Sabon mai bi ya shigo yana rawar sanyi, aka tambaye shi shaidarsa, ya amsa. Fasto ya dafa bayansa, ya nutsar da shi har ruwa ya rufe fuskarsa, sannan ya ɗago shi, matan zumunta a bakin gaɓa suka ɗauki waƙa. Bisa ga Romawa 6:4, jana'iza aka yi a wurin: an binne shi tare da Almasihu, domin kamar yadda aka ta da Almasihu daga matattu, shi ma ya yi zaman sabuwar rayuwa. Ruwan rafin ba shi da wani asiri. Alama ce ta abin da Allah ya yi, wanda ake karɓa ta bangaskiya.

Daga nan sai umarni ya biyo baya, kuma jerin yana da muhimmanci. Ba a ce wa mutum ya gyara halinsa domin a ta da shi ba. An ce masa an riga an ta da shi, saboda haka ya ɗauki kansa matacce ga zunubi, kada ya ƙara miƙa gaɓoɓinsa su zama kayan aikin mugunta (6:11-13). Kolosiyawa 3 ta fara da cewa tun da an ta da ku tare da Almasihu, ku nemi abubuwan da suke sama. Mai karatu zai zaci wahayi da mafarkai za su biyo baya. Abin da ya biyo baya shi ne fasikanci da kwaɗayi da fushi da ƙeta da yanke da ƙarya, a tuɓe su, a yafa tausayi da tawali'u da haƙuri da yafe wa juna. Sannan ya gangaro kan miji da mata, iyaye da 'ya'ya, maigida da bara. A Afisawa 4:28 an ce ɓarawo ya daina sata, ya yi aiki da hannunsa, har ya sami abin da zai ba mabukaci. Hannun da ya saba ɗauka ya koma hannun bayarwa. Irin wannan juyi ne manzanni suke kira aikin ikon tashin Almasihu.

Masu lambu sun san auren mangwaro. Ana yanko reshen iri mai kyau a haɗa shi da ɗan dashen gargajiya, a ɗaure da leda. In ya kama, 'ya'yan da itacen zai ba da na sabon reshen ne. Amma gindin ba ya daina fitar da tofo a ƙasan ɗaurin, kuma in mai lambu ya yi sakaci bai riƙa cirewa ba, tofon zai shanye abincin, itacen ya koma mangwaron da mai zare. Rai sabo kyauta ne, mutum bai yi wa kansa ba. Cire tofon kuwa aikin kullum ne, kuma Romawa 8:13 ta ce ta wurin Ruhu ake yinsa.

Daga ina rashin fahimtar ya fito?

Na farko gado ne. Kafin bishara ta iso, kakanninmu sun san iko a matsayin abin da ake zuwa wurin mai shi a saya: laya, guru, maganin ƙarfe, farin jini. Ka kai abin da boka ya ce, ka kiyaye sharaɗin, ka ɗaura a ƙugu. Ba ruwan laya da ko kai azzalumi ne. Wannan tunani bai mutu ba don mutum ya shiga majami'a, sau da yawa riga kawai ya sauya. Kwalbar man zaitun, da hankicin da aka yi wa addu'a, da sitikar da ake mannawa a ƙofa suna iya zama layar Kirista. Matsalar tsohuwa ce. A Samariya, Saminu mai sihiri ya yi baftisma, amma da ya ga abin da ke faruwa ta hannun manzanni sai ya zaro kuɗi ya nemi a sayar masa. Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi, domin zuciyarsa ba daidai take a gaban Allah ba (Ayyukan Manzanni 8:18-21).

Na biyu matsi ne, kuma a nan ba na ganin laifin talaka. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, farashin komai ya yi tashin gwauron zabi, har hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Uwar da ɗanta ke kwance babu kuɗin asibiti, matashin da ya gama bautar ƙasa ya shekara biyar yana yawo da takardu, in aka ce musu akwai wurin da za a karya abin da ya ɗaure su a dare ɗaya, dole su je. Alhakin yana wuyan wanda ya san halin da suke ciki, ya kuma ce su “shuka iri”, wato su ba da ɗan kuɗin da ya rage musu don Allah ya ninka.

Na uku ya shafi tsofaffin ikkilisiyoyinmu, kuma gara a faɗa. A wurare da dama an mai da rayuwar Kirista jerin hani: kada a sha, kada a yi rawa, kada mace ta sa wando. Yara suka tashi sun haddace abin da aka hana, ba wanda ya nuna musu inda ƙarfin yin biyayya yake. Suka ga dattijon da ke sa wasu a ƙarƙashin horo shi ne ya cinye kuɗin ginin majami'a. Da suka ji wata majami'a a birni ana wa'azin Allah mai rai mai aiki yau, sai suka kwashi takalmansu. Ƙishirwar da ta kore su gaskiya ce, ko da ba kowace rijiyar da suka tarar ke da ruwa mai kyau ba.

Ɓangarorin da ake ja-in-ja a kai

Akwai masu cewa nasara dukanta ta yanzu ce. Tun da Yesu ya ci mutuwa, ɗan Allah bai kamata ya yi ciwo ko talauci ba, in kuwa ya yi, bangaskiyarsa ce ta gaza. Farkawar Fentikos da ta ɓarke a titin Azusa na Los Angeles a 1906 ta dawo da zancen aikin Ruhu da warkarwa tsakiyar sujada, kuma ikkilisiya ta amfana da hakan. Koyarwar arziki ta zo daga baya, daga masu wa'azin Amurka, ta kuma sami gindin zama a Najeriya ta hannun irin su Benson Idahosa na Benin, wanda ya rasu a 1998. Ba duk 'yan Fentikos ne suke bin ta ba. Gaskiyar da ke hannun wannan ɓangare ita ce Allah yana jin addu'a, yana warkarwa, ya kuma damu da abincin 'ya'yansa. Kuskurensu shi ne sun ɗebo alkawuran ranar ƙarshe sun ce dole a biya su yau. Bulus ya ambaci Himinayas da Filitas, waɗanda suka ce tashin matattu ya riga ya wuce, ya ce suna rushe bangaskiyar waɗansu (2 Timoti 2:17-18). Shi kansa ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙaya a jiki, aka amsa masa cewa alheri ya ishe shi, domin a cikin rashin ƙarfi ne iko yake cika. Ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba lafiya. Wa zai ce Bulus ba shi da bangaskiya?

Akwai kuma ɓangaren tsarki. John Wesley a Ingila ya koyar da cewa mai bi zai iya kaiwa ga cikakkiyar ƙauna tun a duniya. Taron Keswick da aka fara a Ingila a 1875 ya jaddada nasara a kan zunubi ta miƙa kai da bangaskiya, kuma da yawa daga cikin mishan da suka zo Arewa da wannan koyarwa suka taso. A Legas, W. F. Kumuyi ya fara nazarin Littafi Mai Tsarki da ɗalibai 15 a 1973, abin da ya zama ikkilisiyar Deeper Life, inda aka shahara da koyar da maido da haƙƙin mutane. Ina girmama wannan ɓangare, don sun ɗauki zunubi da muhimmanci, kuma wanda ya tuba ya mayar da abin da ya sata ya bi sawun Zakka ne, mai karɓar harajin nan na Linjila da ya tuba. Haɗarin shi ne in aka ce wa mutum ya riga ya kammala, ranar da ya yi tuntuɓe sai ya ɓoye, ko ya yanke ƙauna. Yahaya ya rubuta wa masu bi cewa in mun ce ba mu da zunubi, ruɗin kanmu muke yi.

Ɓangare na uku ba shi da suna, amma ya fi kowanne yawa a kan bencin majami'a. Su ne masu cewa ai mu 'yan adam ne, sai a sama za mu gyaru, alherin Allah ya rufe komai. Da wannan ake cin hanci ranar Litinin bayan an ci Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu, ranar Lahadi. Bulus ya riga ya yi tambayar a Romawa 6:1, ko mu ci gaba da zunubi don alheri ya haɓaka, ya kuma amsa da a'a mai ƙarfi. A ganina wannan ɓangare ya fi na farko ɓarna, domin shi ba ya sa ran komai.

Iko da wahala a aya ɗaya

Ayar da ake yawan ɗauka a tarurrukan “ikon tashin matattu” ita ce Filibiyawa 3:10, inda Bulus ya ce burinsa ya san Almasihu da ikon tashinsa. Sau da yawa a nan ake tsayawa a yi tafi. Ayar kuwa ta ci gaba: da tarayya cikin shan wuyarsa, yana zama kamarsa a wajen mutuwarsa. Daga kurkuku ya rubuta ta.

Masu bi a Arewa ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. Mutum uku ne suka sauka Legas a Disambar 1893 da niyyar kawo bishara ƙasar Sudan, sunan da ake kiran yankin kudu da Sahara a lokacin, har da Arewacin Najeriya: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare, ciwo ya kashe Gowans a Girku, ya kashe Kent a Bida. Daga aikin da ya yi kamar ya mutu a lokacin ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954.

Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, wadda aka fara a Garkida a 1923, ta sha abin da ba ya misaltuwa a hannun Boko Haram. Yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a daren 14 ga Afrilun 2014 'ya'yanta ne. A ƙarshen Oktoban shekarar aka mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka yi gudun hijira zuwa Jos. Ikkilisiya ce da tun asali take koyar da zaman salama da ƙin ɗaukar fansa, kuma ba ta sauya wannan koyarwa ba a lokacin da riƙe ta ya fi tsada. A Janairun 2020 aka kama Rabaran Lawan Andimi, fastonta kuma shugaban CAN, ƙungiyar Kiristocin Najeriya, na ƙaramar hukumar Michika. A bidiyon da masu garkuwar suka fitar, ya yi magana a natse. Ya ce bai karaya ba domin komai yana hannun Allah, in an ba shi dama zai koma ga iyalinsa, in kuwa ba a ba shi ba, nufin Allah ne. A ranar 20 ga watan aka kashe shi.

Bisa ma'aunin masu cewa ɗan Allah ba ya faɗawa hannun magabta, wannan bawan Allah ya gaza. Bisa ma'aunin Ibraniyawa 2:15, wadda ta ce Almasihu ya 'yanta waɗanda tsoron mutuwa ya bautar da su duk tsawon ransu, abin da aka gani a fuskarsa shi ne ikon da muke magana a kai.

Kada a ɗauka wannan yana nufin a naɗe hannu ana kashe mutane. Bulus ya tsaya a kan haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma, ya ƙi a sallame shi a ɓoye a Filibi bayan an yi masa bulala ba shari'a, daga baya ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Neman adalci da matsa wa hukuma ta kare rayuka aikin mai bi ne. Abin da aka hana shi shi ne ya tare hanya ya huce a kan matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba. A Kaduna, Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. A 1995 suka fara aikin sulhu tare, suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai. Zuciyar da ta ƙudura ramuwa ba ta saukowa da sauƙi.

Abin da zai sauya a kasuwa da gida da asibiti

Ɗauki mai sayar da masara a kasuwar Saminaka. Ya san dabarun sana'ar sarai: a bubbuga gindin mudu ya shige ciki, a zuba mai ƙwari a ƙasan buhu a rufe da mai kyau a sama, a yi awo da sauri hannu na karkacewa. Kowa na yi, riba kuma ƙanƙanuwa ce. In ya gaskata cewa an ta da shi tare da Almasihu, kuma wata rana zai tsaya da jikinsa a gaban wanda ya tashi, mudunsa zai cika, ko da abin da zai kai gida ya ragu. Ba wanda zai ɗauki bidiyonsa, ba kuma za a kira shi gaba ya ba da shaida ba. Amma Hajiyar da ke sayen hatsi a wurinsa za ta san akwai bambanci, ta aiko yaro ba tare da ta ce a sake awo ba.

A gida ma haka. Mijin da ya daina ɗaga hannu, ya koyi cewa “na yi kuskure, ki yafe mini”. 'Yan'uwan mamaci da suka bar wa gwauruwa da marayunta gida da gona, maimakon su kwashe tun ƙasar kabari ba ta bushe ba. Wannan ɗabi'a ta kwashe kayan gwauraye tana nan a cikin iyalan da suka yi waƙar tashin matattu a bakin kabarin da safe, kuma abin kunya ne a gare mu. Ayyukan Manzanni 4:33-34 ta ce manzanni suna shaidar tashin Ubangiji Yesu da iko mai girma, nan take kuma ta ƙara da cewa babu wani matalauci a cikinsu, domin masu gonaki da gidaje suna sayarwa su kawo a raba. Haka kuma, da Bulus ya gama dogon babinsa na tashin matattu a 1 Korantiyawa 15, maganar da ya shiga ita ce tara gudummawa domin tsarkaka mabukata na Urushalima.

Zancen asibiti kuwa rai ne a ciki. Akwai masu hawan jini da ciwon sukari da masu ɗauke da cutar HIV da aka sa su zubar da magani don su nuna bangaskiya, aka kuma binne su. Luka, marubucin Linjila, likita ne. Bulus ya ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda cikinsa. Masu bin da suka gina asibitin Vom a Filato da na Galmi a Nijar sun gaskata da tashin matattu, shi ya sa suka ga jikin mutum abin daraja ne da ya cancanci a kula da shi. A kira dattawa su yi addu'a kamar yadda Yakubu ya ce, a kuma sha magani a kan lokaci.

To wanda ya sake faɗuwa fa?

Babu wata ɓoyayyar hanya da ake sayarwa. Abin da ikkilisiya ta sani tun farko shi ne Maganar Allah, wadda muke da ita cikakkiya da Hausa tun 1932, da addu'a, da Jibin Ubangiji, da zumunta ta gaskiya inda mutum yake da wanda zai iya faɗa wa abin da ke cinsa. Sauyin yakan zo a hankali. Wani an raba shi da kwalba a dare ɗaya, wani ya yi shekaru yana faɗuwa yana tashi kafin ya tsaya da ƙafafunsa, kuma dukansu biyu aikin Ruhu ɗaya ne.

Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a daren da aka kama shi. Bayan tashin, a bakin tekun Galili, Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya kuma danƙa masa kiwon tumakinsa. Wannan ya kamata ya shafi yadda muke horo. A ikkilisiyoyi da yawa, yarinyar da ta yi ciki ana kiran sunanta a gaban jama'a a mayar da ita bencin baya, wanda ya yi mata cikin kuwa yana nan a ƙungiyar mawaƙa, kuma ba wanda ke leƙa ta har wa'adin ya cika. Galatiyawa 6:1 ta ce in an kama mutum da laifi, masu ruhaniya su komo da shi da tawali'u, suna lura da kansu. Dattawan da suka sa mutum a ƙarƙashin horo, wajibinsu ne su je gidansa a makon, su yi addu'a tare da shi, su binciki ɗaya ɓangaren da ma'auni ɗaya, su kuma faɗa masa ranar da za a karɓe shi a teburin Ubangiji.